Ranar da Na Toshe wa Ɗaki Hanci

Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙarar maficin Inna ke nan idan bakinsa yana taɓa ƙarfen gado. Da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ba a jimawa sai in jiyo shi daga kicin, in san zafi ya fara cinta. Wannan 'yar ƙara ce ta fitar da ni daga Mararaba har ta tsallaka da ni iyakar ƙasa, ni da ban taɓa wuce Katsina ba. Tun da na dawo kuwa matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba: "Maman Ummi, ya Nijar ɗin? Me suke ci? Da gaske ne kin dawo kin sa an farfasa bangon gidanku?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin ƙofa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Inna mahaifiyar maigidana ce. Ni tawa uwar ta rasu ina aji biyu a sakandare, don haka tun da aka kawo ni gidan nan Inna ta zame min uwa, ita ta yi min wankan jego, ita ta koya min damun fura. 'Yarmu ma sunanta ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi. Asalin Inna daga wani ƙauye ne can bayan Maraɗi, aure ya kawo ta Katsina tun tana yarinya. Da mijinta ya rasu, Abban Ummi ya ɗauko ta ya dawo da ita wurinmu. Yana sayar da yadi ne a cikin Abuja, kuma Allah ya sani bai rage komai ba wajen gina mata ɗaki. Bulo da siminti, tayil a ƙasa, rufin kwano da silin, taga ɗaya ta gilashi mai zamewa. Don a sami fili aka sare mangwaron da ke tsakar gida, aka shimfiɗe ko'ina da bulon daɓe na intalok. Maƙwabta har kallo suka zo. Wani ya ce, "Oga, wannan ai otal ne." Na ga yadda fuskar Abban Ummi ta cika da murna ranar.

Sai bazara ta shigo. Inna tana da hawan jini, ga ɗakin daga azahar ya zama kamar tanda. In an tayar da janareta ta ce hayaƙi da ƙara suna sara mata kai. Wata ranar Talata ina tsaka da yanka kuɓewa ina jin ƙas, ƙas ɗin nan, sai na ji shiru. Shirun ne ya tsorata ni. Na same ta ta zame daga filo, gumi ya jiƙa mata riga, mafici a ƙasa. A asibiti likita ya ce zafi ne, a kula, irin wannan ba ya son maimaici. Da muka dawo gida ta kira ɗanta, da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, Ɗanjuma take ce masa.

"Ɗanjuma, ka kai ni gida in ga Idi. Na daɗe ban ga ƙanena ba."

Ya ce to, ziyara ce ta kwana goma. Ni ce na shirya mata akwati. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, na tarar ta riga ni sa wani abu: farin ƙyallen da ta wanko da zamzam shekarar da ta je Makka, wanda ta ce a ciki za a naɗe ta. Mai zuwa ziyarar kwana goma ba ya ɗaukar likkafaninsa. Na mayar da zannuwan yadda suke, ban faɗa wa kowa ba, na shiga banɗaki na yi kukana. Ƙauyen nan babu asibiti kusa, babu mai tuna mata shan magani safe da yamma. Idan ta zauna can, na san na rasa uwa karo na biyu.

Mu huɗu muka tashi bayan sallar asuba: Inna, Abban Ummi, ni da Ummi mai shekara shida. Duk sammakonmu sai da cunkoson Nyanya ya riƙe mu. A motar akwai wata mata 'yar Zariya mai faɗi da dariya, ta sayo buhun garin kwaki za ta kai gida. Ni kuma na ɗauko tsarabar doya da galan ɗin manja, don an ce min can manja abin marmari ne. Mun wuce Kaduna kaɗan direba ya tsaya ya buɗe but ɗin bayan mota, ya ɗaga murya:

"Wace Hajiya ce mai manja? Ta zo ta ga aikinta!"

Murfi ya kwance, rabin galan ya tsiyaye cikin buhun matar nan. Na rasa inda zan sa kaina don kunya, ina ta ba ta haƙuri. Ta leƙa buhun ta ce, "Ke 'yar'uwa, ai kin rage min aiki. Saura ƙuli da albasa, ko su ma kin taho da su?" Mota ta ɗauki dariya, har Inna da ba ta yi magana ba tun Zuba. A Zariya da za ta sauka ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya ba tsohuwa lafiya, ta lura da yadda nake ta kallonta.

A Katsina muka kwana gidan wani abokin Abban Ummi. Gida ne na zamani, irin namu sak, kuma irin namu wajen zafi. Matar gidan ta yi mana tuwon shinkafa miyar taushe, tana zuba mana tana fifita da murfin kwano tana cewa su kam bana sai dai addu'a. Ummi ta tambayi kakarta ko ƙauyensu akwai fanka. Inna ta ce, "Takwara, can ba a san ta ba." Ummi ta ce, "To ke da kike narkewa kamar man shanu, ya za ki yi?" Inna ta kai mata duka da mafici ta goce.

Hanyar Jibiya kowa shiru ya yi a mota, sai motsin leɓe da carbi, kun dai san halin rashin tsaron da ake ciki. Allah ya kai mu lafiya. A kan iyaka kuma na sake yin tawa. An tambayi katin rigakafin Ummi, ni kuwa don tsabar adana na sa shi cikin akwati, akwatin kuma yana can saman mota an ɗaure da igiya ƙarƙashin kayan mutum goma. Sai da aka sauke komai cikin rana. Abban Ummi kallo ɗaya ya yi min, na gwammace da faɗa ya yi. Amma abin da ba zan manta ba shi ne da muka isa ɓangarensu. Wani jami'i matashi ya karɓi takardar Inna yana jujjuyawa, sai kawai na ji harshenta ya juye.

"Kai ɗan wa ne? Mi kake dubi haka, ba ka gane ɗiyar ƙasarku ba?"

Shekara goma sha ɗaya ina tare da ita ban taɓa jin wannan Hausar a bakinta ba. Jami'in ya yi murmushi ya ce, "Sannu da zuwa gida, Iya." Ta gyara zama, fuskarta ta saki. Ni kuwa kalmar gida da ya faɗa ita nake tsoro.

Maraɗi ba mu daɗe ba. Na ga burodi dogo kamar taɓarya ana rataye shi a hammata babu leda, na ga mata da hijabinsu suna tuƙa babur da kansu ba wanda ya waiwaya. Shayinsu a 'yan mitsi-mitsin kofuna, sau uku ake zubawa, na farkon ɗaci kamar magani, in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Daga inda mota ta ajiye mu kuma amalanken shanu ne ya ƙarasa da mu. Abban Ummi da shaddarsa mai sitaci yana zaune kan buhun doya yana riƙe hula, Ummi tana ta ƙyalƙyala masa dariya.

Kawu Idi, ƙanen Inna, magini ne. Siriri, dogo, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda taɓa ƙasa. Da suka haɗa ido da Inna, sai matarsa Baba Hajo ta yi ta guɗa. Aka sauke mu a wani ɗakin ƙasa da ke gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro. Kaurin bangonsa ya kai tsawon hannuna, rufinsa na azara ne can sama, ga tsohon gadon ƙarfe an gyara wa Inna. Na lura da wasu ramuka a jikin bangon, kowanne kamar dunƙulen hannu, huɗu a ƙasa kusa da daɓe ta wajen inuwa, wasu kuma can sama dab da rufi. Na ce a raina, Allah sarki, talauci, ko taga ba su samu sun sa ba. Amma ranar bayan azahar Inna ta yi barci har la'asar, mafici yana cikin jaka ba a ma fito da shi ba. Washegari Abban Ummi ya juya saboda shago. Da zai tafi ya ce min a hankali, "Ki lallaɓa min ita, na ga take-takenta."

Zaman can ya koya min kunyar kaina. Ruwan da na yi wanke-wanke na ɗaga zan watsar, Baba Hajo ta riƙe min hannu ta nuna min gindin zogale. Toka ba a zubarwa, ƙaiƙayi ba a zubarwa. Randarsu a binne take rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Abinci fura ce da rana, da yamma tuwon gero ko dambu da zogale, doyar da na kawo kuwa sai da aka aika wa maƙwabta yanka-yanka kamar naman layya. Wata safiya na bi mata gona na tarar suna haƙa 'yan ramuka a ƙasa mai tauri kamar siminti, suna zuba taki a ciki. Na tambaya, Baba Hajo ta ce gara suke kira. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasar ta ko'ina, in ruwan sama ya sauka sai ya bi hanyoyinta ya shige maimakon ya gudu. Na ce mu a Abuja mai feshi muke kirawa ya kashe ta. Matan suka dubi juna. Wata ta ce, "To wa ke yi muku huda?" Na ce mu mun rufe ƙasar ma gaba ɗaya da intalok. Ba su gane ba, ni ma da na ji abin a bakina sai na ji ban gane ba.

A kwana na huɗu na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Da safe ina share ɗakin Inna sai ga ƙadangare ya leƙo ta ramin ƙasa. Na ce yau ƙadangare, gobe kunama. Na tattaro tsummoki da ledojin da muka zo da su na cusa a ramukan ƙasa tam. Na jawo turmi na taka, na sa sanda na tura sauran a na sama. Na koma gefe ina kallon aikina ina jin daɗi, ni ga 'yar birni ta zo ta gyara wa mutane ɗaki. Ban faɗa wa kowa ba, so nake su gani da kansu su yaba.

Bayan azahar Inna ta shiga ta kwanta aka saki asabari. Ina tsakar gida ina taya Baba Hajo tsince zogale, sai na ji shi. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ajiye ƙwarya. Na shiga na same ta zaune bakin gado tana haki, gumi yana bin wuyanta, ɗakin ya yi ɗum kamar an kife kwano.

Ta ce, "Hadiza, ashe ba ɗakin Ɗanjuma ba ne. Ni ce. Ga shi nan ma ya biyo ni." Ta nuna akwati da mafici. "Buɗe ƙasan can ki ciro min wani farin ƙyalle, ki kai wa Hajo ta san inda yake. Lokaci in ya yi ba a ɓoye-ɓoye."

Na fita da gudu ba ko mayafi ina kiran Kawu. Ya shigo da ƙasa a hannunsa, ya tsaya tsakiyar ɗaki bai ko dubi yayarsa ba. Ya ɗaga kai sama, ya sunkuya ƙasa.

"Wa ya toshe ma ɗakina hanci?"

Na ce, "Ni ce, Kawu. Ƙadangare na gani."

Ya zaro tsumma na farko, ya ɗaga shi, ashe tsohon ɗankwalina ne. Sai ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Ɗiyata, ke in an toshe miki hanci an rufe miki baki, mi za ki yi? Ƙadangaren da kika kora shi ke cinye miki sauro." Ummi ta tsuguna tana taya shi zarowa tana cewa, "Mama ce, Mama ce ta yi." Ba a daɗe ba na ji wata iska siririya tana lasar idon ƙafata. Baba Hajo ta kawo ruwan randa, na ba Inna maganinta. Numfashinta ya daidaita a hankali. Ta dube ni ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, kin kusa sa a yi min wanka da raina." Kowa ya yi dariya, ni kuwa hawaye ne suke zuba, rabi na kunya, rabi na wani abu da ya faɗo min a rai: ɗakin da muka gina mata a Mararaba ai haka yake tun ranar farko. Ba shi da hanci ko ɗaya. Mu ne muka toshe shi da hannunmu, da siminti, da kyakkyawar niyya.

Da safe Kawu ya ce mu zo ya nuna min malaminsa. Na ɗauka wani dattijo za mu gaisar, har na sa babban hijabi. Muka bi shi ni da Baba Hajo da Ummi zuwa bayan gona, ya tsaya gaban wani suri da ya fi ni tsawo. Ya ce in sa hannu a wani rami da ke gindinsa, na sa ina bismillah, na ji sanyi-sanyi. Ya tsinci gashin zabo ya riƙe a bakin ramin da ke can ƙololuwa, sai ga gashin yana rawa yana son tashi sama.

Ya ce, "Kin gani? Mai zafi sama take nema, in ta samu ƙofa ta fita, mai sanyi ta biyo ta ƙasa ta maye gurbinta. Gara ba ta da ido, ba ta da igiyar awo, amma ɗiyanta ba su taɓa dahuwa a ciki ba. Da ina yaro ubana nan yake zaunar da ni, ya ce in duba har in gane. Wani da ya rushe muka buɗe, cikinsa duk hanyoyi ne, ƙanana suna shiga manya. Ni ban ƙirƙiri komi ba, ɗiyata. Kwaikwayo nike, kuma har yau ban kai ta ba."

Na tsaya ina kallon tulin ƙasar nan da a gida da tuni na sa an zuba masa kananzir. Na tuna malamarmu ta taɓa karantar da mu cewa ɗan Adam na farko da ya rasa yadda zai yi da gawar ɗan'uwansa, hankaka aka aiko ya nuna masa. Tun ranar na san labarin, amma ban taɓa tunanin makarantar ba a tashe ta ba. Allah ya cika duniya da masu koyarwa da ba sa magana, mu kuma muka shafe su da siminti muna neman sanyi a wurin inji.

Da yamma ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa na ce mata na ga ƙyallen tun a gida. Ta ce ba don ba ta son mu ba ne. "Can ji nake kamar an sa ni a tukunya an rufe. Ga mangwaron nan da tsuntsaye ke tashe ni da asuba an sare. Amma yaron nan ya zuba ƙarfinsa, ya zan buɗe baki in ce ɗakinsa na kashe ni?" Na ce, "Inna, in aka yi wa ɗakin hanci fa?" Ta yi 'yar dariya. "Bangon da mutane suka zo kallo? Ɗanjuma ba zai fasa shi ba. Ubansa ma haka yake."

Na san gaskiya ta faɗa. Abban Ummi mutumin kirki ne, amma in ka ce masa aikinsa da gyara sai ya ji kamar shi ka ce bai yi ba. Don haka ranar da ya dawo ɗaukarmu ban yi masa dogon bayani ba. Allah ya yafe min, haɗa baki na yi da Baba Hajo. Inna tana ɗakin Baba Hajo ana yi mata kitso, ni kuma na mayar da tsummokaina ramukan nan tsaf. Ya ci dambu ya yi azahar, na ce ya shiga ya ɗan miƙe. Ba a jima ba ya fito yana fifita da hula.

"Wannan ɗakin da na bari da sanyi, me ya same shi?"

Na ce ya koma ya zauna bakin gado ya cire takalmi. Na ce, "Ummi, buɗe wa ɗaki hanci." Ta bi ramukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana zare tsummokan, ni na taka turmi na zare na sama. Ya zauna yana kallon ƙafafunsa. Na ga lokacin da iskar ta taɓa shi. Sai na faɗa masa komai, har da ƙyallen da Inna ta riga ta damƙa wa Baba Hajo. Ya tashi ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki, ya daɗe ƙwarai fiye da yadda alwala take ɗauka. Da ya dawo idonsa ja, kai tsaye wurin Kawu ya nufa ya durƙusa kamar ɗan makaranta.

Kawu ya zana masa a ƙasa da tsinke: ramuka a ƙasa ta gefen da inuwa take, wasu a sama, a buɗe wa zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin hanyar fita, a yi wa bangon yamma inuwa. Sannan ya ce, "Amma ƙasarku ba tamu ba ce, kuna da laima da sauro da ruwa mai yawa. Ku sa raga. Kuma kar ku kwaikwayi nawa ido rufe, ku nemi surin can ku duba yadda ya yi da ruwanku."

Inna ta yarda ta biyo mu, amma da sharaɗi. Ta ce, "Zan je in gani. Ƙyallena dai ya zauna wurin Hajo." Kowa ya gane abin da take nufi. Haka muka juyo, akwatinta ya rage nauyi, zuciyata kuwa ba ta rage ba.

Maginin da Abban Ummi ya kira wani dattijo ne mutumin Jiwa, ɗan ƙabilar Gbagyi, ana ce masa Baba Ɗanladi. Da aka nuna masa inda zai fasa ya ajiye guduma ya ce, "Oga, bango mai kyau haka, kai tana so in ɓata? Mutane za ta ce ni ban iya aiki ba." Na yi masa bayanin suri daga bayan labule. Sai ya ce rumbun kakarsa ma haka yake da 'yan ƙofofi, hatsi ba ya taɓa ruɓewa, shi ne ya manta. Daga nan ya fi mu zaƙewa, har shi ya kai Abban Ummi wani suri a bayan garinsu suka ga yadda kansa yake da 'yar rumfa kamar hula. Inna ta koma ɗakinmu na kwana shida ana aiki. Aka ɗaga intalok ta gefen yamma, na shuka soso ya hau rumfar kara, muka dasa ɗan mangwaro inda uwarsa take a da. Ruwan wanke-wankena yanzu can yake tafiya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bulo ba ƙasa ba ne, ɗakin bai kai na Kawu sanyi ba. Ruwan farko ma feshi ya shigo ta ramukan sama ya jiƙa mata sallaya, sai da Baba Ɗanladi ya dawo ya yi musu 'yan huluna irin na surin da ya gani. Maƙwabciyata kuwa cewa ta yi, "Maman Ummi ta je ƙasar waje ta dawo mana da ramuka." Na bar ta. Kwanan baya ita ce ta aiko a tambaya min lambar Baba Ɗanladi.

Inna ba ta ce komai ba, mako ɗaya, mako biyu, wata guda. Ni kuma ban tambaya ba, kullum dai kunnena yana ɗakinta. Ranar wata Juma'a ana zafin nan mai zuwa kafin hadari, aka ɗauke wuta ina cikin kicin. Na tsaya da wuƙa a hannu ina jira. Shiru. Na ƙara jira, shiru. Gabana ya faɗi, don na san abin da shiru ya taɓa nufi a gidan nan. Na tafi da sauri da tsumman goge-goge a hannuna, na ɗaga labule. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, numfashinta yana tafiya a hankali, gefen ɗankwalinta yana ɗan motsi da iska. Mafici yana rataye a ƙusa. Ummi tana zaune a ƙasa tana yi wa 'yar tsanarta kitso. Motsina ya sa Inna ta buɗe ido kaɗan, ba ta ko juyo ba ta ce:

"Hadiza, in Ɗanjuma ya dawo masallaci ki ce ya nemi mai zuwa Maraɗi. A gaya wa Hajo ta ba da ƙyallena a kawo min nan."

Ta mayar da idonta ta rufe. Na tsuguna a gindin bango kusa da ramin ƙasa ina ta hamdala a zuci. Don kar Ummi ta ga hawayena sai na kai tsumman hannuna zan goge ragar. Ta yi wuf ta riƙe min hannu da hannayenta biyu, ta matso da bakinta kunnena ta ce:

"Mama, ki ajiye tsumman nan. Kar ki sake toshe masa hanci, Inna tana barci."